Zazzaɓin Libreville da likitan da bai iya ƙidaya ba

Daga shekarar 2000 zuwa 2008, masu bincike a babban asibitin Libreville, cikinsu har da Farfesa Maryvonne Kombila da Marielle Bouyou-Akotet, sun dage kan wani aiki mai gundura. Duk yaron da aka kawo da zazzaɓi sai an ɗebi jininsa, an shafa a gilashi, an duba ta madubin likita, an rubuta abin da aka gani. Yaran da aka duba haka sun haura 28,000, dukkansu ƴan ƙasa da shekara 11. Da aka haɗa lissafin, sai aka ga a shekarar 2000 kimanin kashi 45 cikin 100 na masu zazzaɓin ne ke da ƙwayar maleriya a jininsu, amma zuwa 2008 abin ya sauko zuwa kimanin kashi 15. A ɗauki likitan da ya gama karatu a farkon waɗannan shekaru, wanda manyansa suka koya masa cewa zazzaɓin yaro a wannan ƙasa maleriya ce har sai an tabbatar da akasin haka. A 2000, in ya bai wa yara 1,000 maganin maleriya ba gwaji, ya dace a kan 450. A 2008, hannu ɗaya da alƙalami ɗaya da kyakkyawar niyya ɗaya, sai ya zamana ya bai wa yara 850 maganin cutar da ba su da ita, alhali ainihin abin da ke cinsu, ko ciwon huhu ne ko ciwon kunne ko cutar mafitsara, yana nan yana ci gaba. Ilimin jikin ɗan Adam da ya karanta bai canza ba, garin da yake aiki a cikinsa ne ya canza, kuma babu yadda za a yi ya gane haka daga fuskar yaro guda da ke gabansa. Wannan shi ya sa nake ganin ilimin yaɗuwar cututtuka da lissafin ƙididdigar lafiya suna cikin ainihin aikin duba mara lafiya, kamar sauraron ƙirji da auna jini, kuma a bakin gado ya kamata a koyar da su, da alƙaluman garin da ɗalibin zai yi aiki.

Gabon wuri ne da wannan magana ke fitowa fili sosai. Ƙidayar 2013 ta sami mutane kimanin miliyan 1.8 a ƙasar, ba su kai yawan mutanen birnin Kano ba, kuma mafi yawansu a birane suke, musamman Libreville da kewayenta, yayin da kurmi ya rufe mafi yawan ƙasar. Jami'ar Kimiyyar Lafiya da ke Owendo, a gefen Libreville, ita ce ke yaye mafi yawan likitocin da suka yi karatu a gida, kuma ɗalibanta na koyon aiki a manyan asibitocin koyarwa na Libreville da Owendo da asibitin mata da yara na Jeanne Ebori. Ke nan abin da aka koya wa aji guda a Owendo, ko aka ƙi koya masa, cikin shekaru kaɗan zai bayyana a asibitocin Oyem da Makokou da Port-Gentil. Hausawa ma ba baƙi ba ne a wannan ƙasa, tun zamanin fatauci suke zaune a garuruwan arewa irin su Bitam da Oyem, ga kuma masu kasuwanci a Libreville, don haka ƴaƴanmu na cikin masu kwanciya a waɗannan gadaje. Amma ko ba don haka ba, abin da ya shafi ɗalibin Owendo ya shafi na Shika da na Kano da na Sakkwato da na Maraɗi, domin a ko'ina darasin ƙididdiga yana fama da suna guda a wajen ɗalibai: darasin da ake haddacewa daren jarrabawa, a ci, a manta, a koma ga abin da ake kira likitanci na gaske.

Laifin wannan suna ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Yadda aka saba koyar da fannin shi ne a fara da dabarun lissafi, a cika allo da alamomi, a kawo misalai daga ƙasashen da ɗalibin bai taɓa gani ba, a kuma yi duk wannan tun kafin ya taɓa mara lafiya, lokacin da ba shi da wata tambaya da lissafin zai amsa masa. Alhali tushen fannin tambayoyi ne kaɗan da kowane mai hankali zai iya riƙewa. In an ce mutum 50 sun kamu, cikin mutum nawa, kuma cikin wane lokaci? Su wa aka ƙirga, su wa aka bari a baya? Da wa aka kwatanta su? Shin bambancin da aka gani zai iya zama katari kawai? Ɗalibin da waɗannan tambayoyi suka zame masa jiki ya riga ya mallaki mafi yawan abin da likita ke bukata daga fannin, sauran kuwa kwamfuta na iya yi masa.

A ɗauki gwajin jini, abin da likita ke rubutawa sau da yawa kowace rana. A 1978 wasu masu bincike sun yi wa likitoci da ɗaliban likitanci 60 a asibitocin koyarwa na Harvard wata tambaya: cuta tana kama mutum 1 cikin 1,000, gwajinta kuma yana yi wa kashi 5 cikin 100 na masu lafiya ƙazafin cewa suna da ita, to in gwajin wani ya nuna yana da cutar, mene ne yiwuwar cewa da gaske yana da ita? Amsar da aka fi bayarwa ita ce kashi 95 cikin 100. Amsar gaskiya kuwa kimanin kashi 2 ce, kuma mutum 11 ne kawai suka same ta. Ga dalilin: cikin mutum 1,000, mai cutar guda ne, amma gwajin zai nuna kimanin mutum 50 daga cikin masu lafiya, don haka cikin kusan 51 da aka ce suna da ita, ɗaya ne mai ita. Wannan ba wasan ƙwaƙwalwa ba ne ga likitan Libreville. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2012 ya sami kashi 4.1 cikin 100 na manya ƴan shekara 15 zuwa 49 a Gabon ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. A ƙaddara an gwada mutum 1,000 daga cikinsu da gwaji mai kyau wanda ke kama duk mai cutar, yana kuma kuskure a kan mai lafiya 1 kacal cikin 100. Zai kama mutum 41 na gaskiya, ya haɗa da kimanin 10 da ba su da komai. Wato cikin kowane mutum biyar da gwajin farko ya nuna, ɗaya lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa ƙa'ida ta ce sai an sake tabbatarwa da wani gwajin daban kafin a faɗa wa mutum. Likitan da ya haddace ƙa'idar bai san dalilinta ba, ranar da gwaji na biyu ya ƙare a ɗakin gwaje-gwaje, ranar ce zai ce ɗaya ma ya isa, ya kuma aika mutum gida da labarin da zai iya kashe masa aure. Wannan binciken na 2012 ya kuma nuna cutar ta fi yawa a mata nesa ba kusa ba, kashi 5.8 a mata da 2.2 a maza, ma'ana takardar sakamako iri ɗaya ba nauyinta ɗaya ba a hannun mutane daban-daban.

Shi kansa binciken maleriyar da na fara da shi, ɗalibin da aka horar da kyau ba zai haɗiye shi ba tauna ba. Yaran da aka ƙirga su ne waɗanda aka kawo asibiti, ba yaran unguwannin Nzeng-Ayong da Akébé da Lalala baki ɗaya ba. In iyaye sun koma sayen magani a kantin magani kafin su zo asibiti, ko an buɗe wasu ƙananan asibitoci da suka kwashe masu zazzaɓi mai sauƙi, adadin zai iya sauka ko da sauro bai ragu ba. Sannan a cikin shekarun nan ne aka sauya maganin maleriya zuwa haɗin da ke ɗauke da atemisinin, aka raba gidajen sauro, aka fara bai wa masu ciki maganin kariya, garin kuma yana ta faɗaɗa, don haka ba za a iya nuna abu guda a ce shi ya jawo raguwar ba. Kuma raguwar ba ta dawwama ba. Binciken da ya biyo baya a wurare da dama na ƙasar ya nuna cewa zuwa 2011 adadin ya sake hawa, cutar kuma ta ƙara karkata ga yaran da suka haura shekara biyar. Likitan da ya ji labarin raguwar ya riƙe shi a matsayin sabuwar gaskiya ta har abada, shi ma ya faɗa ramin da na farko ya faɗa. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, kuma irin waɗannan alƙaluma na asibitocin Afirka suna cikin abin da ya sa shawarar ta zama dole.

Shekarar 2007 ta nuna wa Libreville abin a aikace. Daga wajen watan Afrilu asibitoci suka cika da masu zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da ƙuraje. An kiyasta mutum kimanin 20,000 ne suka kamu a Libreville da garuruwan da ke kan hanyar arewa, kuma gwaje-gwajen cibiyar binciken lafiya ta Franceville suka tabbatar cewa cututtuka biyu ne ke yawo tare, cikungunya da zazzaɓin dengi, wasu ma sun kamu da duka biyun. Mai yaɗa su wani sauro ne mai zane fari da baƙi, ɗan asalin Asiya, wanda bai daɗe da shigowa ƙasar ba, mai cizo da rana, mai hayayyafa a tsoffin tayoyi da gwangwanaye da duk wani mazubin da ruwan sama ya kwanta. Gidan sauro na dare ba ya tare shi, maganin maleriya kuma ba ya taɓa cutar da yake kawowa. Shekaru bakwai bayan haka, a 2014, da aka sake duba jinin da aka adana daga wancan lokaci, sai aka tarar har ƙwayar Zika tana ciki, tun kafin duniya ta san sunanta daga Brazil. Kowane ɗaya daga cikin waɗancan marasa lafiya, in aka ɗauke shi shi kaɗai, zai iya wucewa a matsayin mai maleriyar da gwaji bai kama ba. Abin da ke fallasa annoba shi ne jimla: a ce makon nan manya masu zazzaɓi sun ninka na bara a irin wannan lokaci, mafi yawansu jininsu babu maleriya, kuma daga unguwanni kaza suke fitowa. Wannan jimla tana kwance a littafin rajistar da ke kan teburin likita, sai dai tana bukatar wanda zai buɗe shafukan baya ya ƙirga.

Tarihin Ebola a ƙasar ya fi wannan ɗaci. A ƙarshen 1994 cuta ta ɓarke a sansanonin masu haƙar zinariya a Mékouka, can cikin kurmin arewa maso gabas, ta kashe kimanin mutum 30, kuma da farko zazzaɓin shawara aka ɗauke ta. A farkon 1996 ta sake ɓullowa a ƙauyen Mayibout bayan mutane sun feɗe wani birin cimfanzi da suka tsinta matacce a daji, mutum 21 suka rasu. Daga tsakiyar wannan shekarar ta kama yankin Booué, garin da ke kan layin dogon da ya taso daga Owendo zuwa Franceville, inda mutum 60 suka kamu, 45 suka mutu, kuma a wannan karon ta iso Libreville. Wani likita da ya kamu a wajen aiki a birnin ya tafi neman magani Johannesburg ba tare da an san abin da ke damunsa ba; shi ya warke, amma ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi ta kamu ta rasu a watan Nuwamba. A 2001 zuwa 2002 cutar ta dawo yankin Mékambo, ta kama mutum 65 ta kashe 53. A duk waɗannan lokuta babu allurar rigakafi, babu magani. Abin da ya tsayar da cutar shi ne aikin da ake koyarwa a babin farko na ilimin yaɗuwar cututtuka: a tsayar da alamomin da za a bi a ce wannan ana zargin yana da ita, a rubuta kowane mara lafiya a layi guda da ranar da ya fara ciwo da inda ya fito da wanda ya taɓa, a bi duk wanda ya yi hulɗa da shi har kwana 21, a killace wanda zazzaɓi ya kama. Takarda da biro da naci su ne kayan aikin.

Za a ce, to ai Gabon tana da masana wannan fanni, me ya sa za a ɗora wa kowane ɗalibi? Gaskiya ne tana da su, har ma fiye da ƙasashe da yawa da suka fi ta girma. Cibiyar Franceville tun 1979 take, kuma a can ne Eric Leroy da abokan aikinsa suka gano alamun Ebola a jikin jemagu masu cin ƴaƴan itace, suka wallafa a 2005. A Lambaréné, inda Albert Schweitzer ya kafa asibitinsa a 1913, akwai cibiyar binciken da ta shiga manyan gwaje-gwajen allurar maleriya da na Ebola. Sai dai masanin da ke Franceville, sama da kilomita 600 daga Libreville ta jirgin ƙasa, ba ya gwada jinin da ba a aiko masa ba, kuma ba mai aikowa sai wanda ya yi zargi. Mu a arewacin Najeriya mun ga haka da idonmu. A 2010 yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, ana ba su maganin maleriya ba sa tashi, har sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sintirin sanƙarau suka lura cewa yawan mutuwar ya wuce misali, aka bincika aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. A Legas kuwa a 2014, Dokta Ameyo Adadevoh ta yi zargin Ebola a jikin wani matafiyi daga Laberiya, ta hana shi fita, aka bi sawun ɗaruruwan mutane, cutar ta tsaya a kan mutum 20 a duk Najeriya, ƙasar da ke da miliyoyin jama'a. A duka biyun ƙwararru sun zo daga baya sun yi aikinsu, amma tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a kira su, wanda shi ne ya yanke yawan gawarwaki, yana hannun wanda ya fara ganin marasa lafiyar.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma manyan likitoci ne ke yin sa. Sukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wanda ya shekara talatin a ɗakin yara ya san abin da ke aiki ba sai an kawo masa jadawali ba. Ba na raina wannan ido, domin shi ke gane yaron da zai mutu kafin asuba tun daga bakin ƙofa. Amma akwai abin da ido ba zai iya gani ba komai daɗewarsa, kuma an gwada. Shekara da shekaru ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaitar, jininsa ba ya zagayawa sosai, a yi maza a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya. Likitoci sun gani da idonsu cewa yaran kan farfaɗo, bugun jini ya dawo, tafin hannu ya yi ɗumi. Sai aka yi babban gwaji a asibitocin Kenya da Uganda da Tanzaniya ƙarƙashin Kathryn Maitland, aka raba yara sama da 3,000 ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu ɗurin gaggawar, wasu aka ba su ruwa a hankali. Sakamakon da ya fito a 2011 ya girgiza kowa: cikin awa 48, kimanin kashi 10.5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ɗurin sun rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 7.3. Wato a kowane yara 100, ɗurin na ƙara kashe kimanin uku. Babu likitan da zai iya hango bambancin yara uku cikin ɗari daga ɗakinsa, musamman da yake yaran da suka mutu dama suna cikin mawuyacin hali, kowa zai ce ajali ne duk da ƙoƙarin da aka yi. Farfaɗowar da ido ya gani gaskiya ce, mutuwar da ta biyo baya ma gaskiya ce, ƙirge ne kaɗai ya haɗa su wuri guda.

Daga nan ne ake ganin amfanin fannin a wani wurin da ba a cika ambata ba, wato kare likita daga a yaudare shi da alƙaluma. Gwajin da ya kwatanta allurar atesunet da kwinin a kan yara 5,425 masu maleriya mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, ya nuna a 2010 cewa mutuwa ta sauka daga kashi 10.9 zuwa 8.5 cikin 100. Ana iya faɗin wannan a ce an rage mutuwa da kashi 22.5 cikin 100, ana kuma iya cewa sai an yi wa yara kimanin 41 magani da sabuwar allurar kafin a ceci rai guda da kwinin zai rasa. Duka biyun daidai ne, kuma a wannan karon maganin ya cancanci yabon. Amma wakilin kamfanin magani da ke zagaya ofisoshin likitoci da ƴar takardarsa mai sheƙi kullum adadi na farko yake kawowa, ko da abin da ya rage daga 2 cikin 10,000 ne zuwa 1. Haka abin yake ta ɗaya gefen. Allurar rigakafin maleriya ta RTS,S, wadda aka gwada a kan yara 15,459 a cibiyoyi 11 na ƙasashe bakwai, Lambaréné na ciki, ta rage kamuwa da kimanin kashi 36 cikin 100 a tsawon shekara huɗu ga yaran da aka fara yi wa suna da wata 5 zuwa 17 suka kuma sami allura huɗu. Wanda ya saba da allurar ƙyanda zai ce wannan ai ba abin a zo a gani ba ne. Amma da yake yaro guda kan kamu da maleriya sau da yawa, lissafin ya nuna an kauce wa kamuwa 1,774 a kowane yara 1,000 da aka yi wa, kuma amfanin ya fi yawa nesa a wuraren da cutar ta fi tsanani. Uwa za ta tambayi likita ko ta kai ɗanta, kuma amsar kirki tana bukatar wanda ya fahimci adadin biyu.

Akwai masu cewa duk wannan zance ne na ƙasashen da ke da alƙaluma masu kyau, mu namu ruɓaɓɓu ne, me za a gina a kansu? Ruɓewar gaskiya ce. A Kano a watan Afrilun 2020, lokacin da maƙabartu suka cika, babu rajistar mutuwa da za a buɗe a kwatanta da ta bara, sai da aka bi gida-gida ana tambayar iyalai yadda mamacin ya yi ciwo, daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mutuwa 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa korona ce. A Gabon ma adadin mata masu mutuwa wajen haihuwa, 519 cikin haihuwa 100,000 a binciken 2000 da 316 a na 2012, an samo shi ne ta hanyar tambayar mutane labarin ƴan'uwansu mata da suka rasu, kuma irin wannan kiyasi yana da faɗin tazara, ta yadda ba a gina dogon yabo ko dogon zargi a kan bambancin bincike biyu sai da taka-tsantsan. Amma wa ke rubuta alƙaluman tun farko? Likitan da ya cika takardar shaidar mutuwa ya rubuta cewa zuciya ce ta tsaya, abin da ke faruwa ga duk wanda ya mutu, shi ne ya lalata ƙididdigar ƙasarsa da hannunsa, kuma ya yi haka ne don ba a taɓa nuna masa inda takardar ke zuwa ba. Sannan inda alƙaluma ke da rauni, nan ne aka fi bukatar mai iya auna rauninsu. A 2010 an wallafa wani bincike da ya duba jinin mutum 4,349 a ƙauyuka 220 na Gabon, aka sami kashi 15.3 cikin 100 da alamar garkuwar Ebola, a ƙasar da duk waɗanda aka san sun kamu ba su wuce ɗari biyu da ƴan kai ba. Ko dai mutane da yawa na haɗuwa da ƙwayar ba tare da sun yi ciwo ba, ko gwajin na kama wata ƙwayar da ta yi kama da ita, ko duka biyun. Likitan da zai yi aiki a Makokou ya kamata ya iya riƙe wannan adadi ba tare da ya firgita ba, ba kuma tare da ya yi watsi da shi ba.

Masu cewa mara lafiya mutum ne ba lamba ba, ina tare da su, kuma ban ga inda muka saɓa ba. Yaron da aka bai wa maganin maleriya alhali huhunsa ne ke ciwo, shi ne aka mayar lamba, domin an yi masa hukunci da abin da aka saba gani ba tare da an duba ko har yanzu haka abin yake ba.

Ƙorafin da ya rage shi ne na lokaci, cewa manhajar likitanci ta riga ta cika ta batse. Abin da nake nema bai bukaci ƙarin awanni masu yawa ba, sauya wurin darasin yake bukata. Ɗalibin da ke koyon aiki a ɗakin yara a Libreville a ba shi littafin rajistar wata shida, ya fitar da adadin masu zazzaɓi na kowane mako, nawa aka gwada, nawa gwajin ya nuna, nawa aka bai wa maganin maleriya duk da gwajin bai nuna ba, ya kawo a zagayen safe a tattauna kamar yadda ake tattauna hoton ƙirji. Wanda ke asibitin Nkembo, inda ake kula da masu tarin fuka, ya bi waɗanda suka fara magani a wata guda ya ga nawa suka kammala, nawa suka ɓace, ya kuma faɗi abin da ɓacewarsu ke yi wa adadin waɗanda aka ce sun warke. A tsarin karatun ƙasashe masu amfani da Faransanci kowane ɗalibi sai ya rubuta kundin bincike ya kare shi kafin a kira shi dokta, a Najeriya ma akwai aikin bincike na sashen lafiyar al'umma. Wannan dama ce babba da ake yawan ɓarnatarwa a kan kwashe tsoffin fayiloli a jera kashi-kashi ba tare da wata tambaya ba. Da za a riƙa ɗora kundin bana a kan na bara, tambaya guda a asibitoci da yawa da ma'auni iri ɗaya, da cikin shekaru kaɗan makarantar Owendo ta tara wa ƙasar bayanin zazzaɓi da hawan jini da mutuwar masu haihuwa wanda babu wata ƙungiyar waje da za ta kawo mata. Sai kuma jarrabawa, domin ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. A jarrabawar ƙarshe ta bakin gado, bayan ya duba mara lafiya ya faɗi cutar da yake zargi, a miƙa masa sakamakon gwaji a tambaye shi yadda wannan takarda ta sauya zarginsa, da kuma yadda amsar za ta bambanta in a Lambaréné yake a tsakiyar damina maimakon Libreville. Wannan na bukatar malaman tiyata da na yara da na mata su ma su iya amsa tambayar, don haka horon zai fara ne daga kansu, kuma shugabannin makarantun likitanci a Owendo da Zariya da Kano da Yamai ne ke da ikon sa shi a jadawalin shekara mai zuwa.